Inro, ƴar battar Japanawa da ake ratayawa a ƙugu: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Guda huɗu kacal nake dasu, amma duk wanda yazo gidana na buɗe masa akwatin sai ya jero min tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, wasu ma sai sun koma gida su sake kirana a waya da wata sabuwa. Shi yasa na zauna na tattara su wuri ɗaya. Wata amsar zata yi tsawo wata kuma layi biyu ne, gwargwadon abinda ke cikin maganar.

Wai menene ma inro ɗin nan?

Ƴar batta ce mai hawa-hawa da mazan Japan suke ratayawa a ɗamararsu, musamman a zamanin Edo wato daga 1603 zuwa 1868. Ka tuno kular abinci irin mai hawa uku ko huɗu da ake kaiwa mara lafiya asibiti, toh ka matse ta ta koma girman tafin hannu, ka ɗan baje ta ta zama falle kamar sabulun wanka da aka fara amfani dashi, shine siffar. Yawanci tsawonta baya wuce santimita 7 zuwa 10, hawa huɗu ko biyar da murfi shine aka fi samu, duk da akwai mai hawa biyu akwai mai shida. Ta gefe biyu akwai ƴar hanya da igiyar siliki ke bi ta ratsa kowane hawa, ta zagayo ta ƙasa a ɗaure ta, ita ce ke riƙe su kar su watse.

Abinda hoto baya nunawa shine rashin nauyinta. Karon farko da aka ɗora min a hannu na zata zanji nauyi irin na ƙarfe saboda yadda zinare ya rufe ta, sai naji kamar kwalin ashana ne a tafina. Kuma idan ka ja hawa ɗaya a hankali zaka ji iska ta ɗan riƙe shi kafin ya saki, idan ka mayar ya zauna shiru ba ƙara ba girgiɗi, layin haɗin ma sai ka kawo ido kusa zaka ganshi. Ni wallahi wannan haɗin shine ya fara kama min zuciya kafin zanen.

Me ya hana su sa kayansu a aljihu kawai?

Kimono, wato rigar gargajiyarsu, bashi da aljihu. Mata suna cusa ƴan kayansu a hannun riga ko cikin ɗamara, maza kuma sai suka koma rataya: jakar kuɗi, jakar taba da lofe, kayan rubutu, da inro. Duk abinda ake ratayawa haka sunanshi sagemono. Mu ma ai ba baƙon abu bane a wajenmu, tsofaffinmu sun rataya laya da tandun kwalli da battar asara, kuma dukawa sun yi musu ado daidai ƙarfin mai saye. Bambancin kawai su Japanawa sun zuba dukiya da lokaci a kan abin har ya wuce misali.

Me ake zubawa a ciki?

Sunan kanshi yana nufin kwandon hatimi, in shine hatimi, ro kuma kwando. Asali akwatin ajiye hatimi ne da jan tawadar da ake dangwala shi, al'adar da ta shigo daga Chaina. Amma wanda ake ratayawa a ƙugu magani ne aikinshi, ƴan ƙwayoyi da gari, kowane hawa da irin nashi, na ciwon ciki daban na jiri daban. Kaga dalilin da yasa dole haɗin ya kama sosai kenan, Japan ƙasa ce mai danshi lokacin zafi, in iska na shiga magani ya lalace.

Akwai labarin da mutanen Toyama suke bayarwa, wai a 1690 wani basarake ciwon ciki ya murɗe shi a fadar Edo, wato Tokyo ta yanzu, sai sarkin Toyama Maeda Masatoshi ya ciro maganin da ake kira Hangontan daga inro ɗinshi ya bashi ya samu sauƙi, daga nan sauran sarakuna suka roƙi a riƙa kai musu maganin garuruwansu. Labarin baka ne, amma har yau Toyama ta shahara da sana'ar magani kuma da wannan labarin suke fara bada tarihinta.

Daga baya da yawa sun koma ado zalla. Zaka buɗe wata mai shekara 200 kaga cikinta tas, ba alamar an taɓa zuba komai.

Wannan sheƙin fenti ne ko roba?

Ba ɗaya daga ciki, kuma nan ne nake son mai tambaya ya ɗan zauna ya saurara domin duk darajar abin daga nan ta taso. Sunanshi urushi, ruwan jikin wata bishiya ne, kamar dai yadda ake tsaga ƙaro ya tsatso. Bishiyar dangin mangwaro ce da kashu, kuma duk wanda ruwan ɓawon kashu ya taɓa ƙona masa leɓe yana yaro ya riga ya san halin dangin nan: ɗanyen urushi in ya taɓa fata ƙuraje ne da ƙaiƙayi na kwanaki, masu koyon sana'ar sai sun sha wannan wahalar kafin jikinsu ya ɗan saba. In ya bushe kuma shikenan ba ya cutarwa, a kwanonshi suke shan miya kullum.

Sai bishiya ta shekara 10 zuwa 15 ake tsaga ta, daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba, a yi mata ƴan zane-zane da wuƙa a kankare abinda ya fito ɗigo-ɗigo, kuma duk kakar abinda bishiya ɗaya zata bayar bai fi giram 200 ba, wato bai cika kofin shayi babba ba, sannan a sare ta a jira sabon tsiro. Yankin Joboji a jihar Iwate shine ke bada mafi yawan wanda ake samu a cikin Japan yanzu, amma kusan duk wanda ake aiki dashi daga Chaina ake shigo dashi.

Abin mamakin shi baya bushewa a rana ko a iska irin yadda fenti ke yi. Danshi yake so. Ana saka kayan a wani kabad na katako da ake jiƙa bangonshi da ruwa, danshin ya kai wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari da ɗan ɗumi, a nan yake daskarewa ya yi tauri. Kuma in aka shafa da kauri sama ta bushe ta yamutse ciki na ɗanye, dole sai siriri-siriri: a shafa, a kai kabad ya kwana, a fito dashi a goge da gawayi ko dutse, a sake shafawa, haka haka har sau gommai. Gangar jikin kuma siririn katako ne ko takarda da aka liƙa falle kan falle, wani lokaci fata, an barta ta bushe ta gama motsinta kafin a fara. Shi yasa inro mai kyau watanni take ci, kuma ba hannun mutum ɗaya bane, mai yin gangar jiki daban, mai shafen ƙasa daban, mai zane daban, amma sunan mai zanen kaɗai ake gani in ma an sa.

Baƙin nan mai zurfi kamar ka leƙa rijiya, ƙarfe ake haɗawa da urushi ya koma haka, sannan a ƙarshe a murza shi da ɗan mai da garin ƙahon barewa da tafin hannu ko yatsa. Sunan wannan gamawar roiro.

Zinaren gaske ne? Kuma da me ake zana shi?

Na gaske ne a kan tsofaffi masu kyau, wani wurin da azurfa. Amma ba zanawa ake da ruwan zinare ba, barbaɗawa ake. Sunan aikin maki-e, ma'ana hoton da aka barbaɗa. Mai aikin zai zana layin da ɗanyen urushi da buroshi siriri, a da har da gashin ɓera ake yin irin wannan buroshin, tun bai bushe ba sai ya ɗauko ɗan bututun gora da aka toshe bakinshi da ƙyallen siliki mai ƴan ƙofofi, ya zuba garin zinare a ciki ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa garin na sauka kamar ana tankaɗe. Inda yake son duhu ya rage, inda yake son haske ya ƙara. Kuskure ɗaya ba gogewa.

Manyan hanyoyi uku ne. Hiramaki-e shine zanen da ya ɗan taso kaɗan a saman shafen. Takamaki-e an gina shi ya yi tudu da garin gawayi ko ƙasa mai laushi kafin a barbaɗa, har yatsa na jin dutse ko gangar bishiya. Sai togidashi wanda ni shi nafi so: bayan an gama hoton kaf sai a rufe shi ruf da baƙin urushi ya ɓace gabaɗaya, ya bushe, sannan a zauna da gawayi da ruwa ana gogewa a hankali har hoton ya fara lekowa daga ƙasa ya zo daidai da fuskar shafen. In ka goge kaɗan hoton bai fito ba, in ka zarce da kaurin gashi ka cinye aikin wata guda.

Ɗaya daga cikin nawa togidashi ce, agwagin daji ne guda uku suna sauka kan ciyawar bakin ruwa da dare. In ka ajiye ta a tebur baƙa ce kawai da ɗan ƙyalli. Sai ka ɗauka ka karkata ta wajen taga, wata ya fito da azurfar da ta riga ta yi duhu saboda shekaru, ka ƙara juyawa kaɗan hazo ya bayyana a ƙasan fukafukan, ƙwayoyin zinaren suna da yawa a kusa suna raguwa suna raguwa har su narke cikin baƙin. Kuma agwagwa ta ukun bata gaba, sai ka juya bayan battar zaka same ta ita kaɗai ta makara. An yi abin ne don hannu ya juya shi, shi yasa nake jin tausayin wanda a bayan gilashi kawai ya taɓa gani.

Cikin hawan kuma yawanci nashiji ne, ɓarɓashin zinare a ƙarƙashin urushi mai ruwan zuma, sun ce yana kama da fatar wani ɗan itacensu da ake kira nashi. Akwai kuma masu dasa ɓawon katantanwar teku mai walƙiya shuɗi da kore, da masu yanka zinare ƴan murabba'i ƙanana su jera ɗaya bayan ɗaya, da masu sassaƙa jan urushi mai kauri.

Wannan ɗan gunkin da ke saman igiyar fa?

Netsuke kenan, shine ake turawa ta ƙarƙashin ɗamara ya fito ta sama ya tokare, don kar inro ta zame ta faɗi. Ba lallai ya zama siffar wani abu ba, akwai mai kama da maɓalli zagayayye. Ƙwayar da ke tsakani kamar ta carbi kuma ojime, in ka ja ta ƙasa ta matse hawan, in ka ja ta sama su saki. Netsuke duniya ce mai zaman kanta da nata masu tarawa. Kuma ka sani da wuya ka samu ukun da suka taso tare tun asali, yawanci dillalai ne ko masu tarawa suka haɗa daga baya, wannan ba aibi bane in dai ba a ce maka tare aka yi su ba.

Ya akayi abin magani ya koma kayan masu kuɗi?

Tun a zamanin Edo ya fara. Gwamnatin Tokugawa, wato gidan shogun, shugabannin sojan da ke mulkin Japan a lokacin, ta jera mutane aji-aji, mayaƙan samurai a sama ƴan kasuwa a ƙasa, alhali kuɗin yana hannun ƴan kasuwar, kuma ana yawan fito da dokokin hana almubazzaranci a sutura, irin na gyaran Kansei daga 1787 da na Tenpo daga 1841. Toh attajirin da aka hana shi sa riga mai ƙyalli sai ya sa mai duhu ya zuba kuɗin a ɗan abinda ke lilo a ƙugunshi, wanda ya sani ya gani ya gane. Sarakuna kuma suna da su da yawa, ana canzawa daidai da yanayin shekara ko bikin da za a je.

Da aka shiga zamanin Meiji a 1868 manya suka koma kwat da wando mai aljihu, samurai suka rasa albashinsu, 1876 aka hana su yawo da takobi, gidaje da yawa suka fito da kayan gado suna saidawa da araha. A daidai lokacin Turawa sun haukace da kayan Japan bayan baje kolin Faris na 1867 da na birnin Biyana ta Ostiriya na 1873, sai aka riƙa kwasa jirgi-jirgi. Shi yasa yau manyan tarin inro da dama suna Landan da Faris da Niyok. Su kansu Japanawan yau da yawa daga talabijin suka san ta, a shirin Mito Komon da aka yi ta nunawa daga 1969 zuwa 2011, inda a ƙarshen kowane kashi ake ɗaga inro mai tambarin gidan Tokugawa azzalumai su zube ƙasa.

Su waye gwanayen? In naga sa hannu shikenan na dace?

A'a ɗan'uwa, nan ne ake cin kuɗin mutane. Sa hannun yana ƙasan battar kusa da inda igiya ta zagayo. Akwai gidaje biyu da suka yi wa fadar shogun aiki tsara bayan tsara, Kajikawa da Koma, na Kajikawa sau da yawa da ɗan jan hatimi mai siffar tulu. Amma sunan gida ne, ƴaƴa da jikoki da almajirai duk shi suke sawa, har da waɗanda basu taɓa taka gidan ba. Haka sunan Ogata Korin wanda ya rasu 1716, yana kan inro da yawa da aka yi shekara ɗari bayan mutuwarshi, wasu don girmama salonshi wasu don kasuwa. Ogawa Haritsu da ake kira Ritsuo, 1663 zuwa 1747, ya yi suna da dasa tangaram da dalma da ɓawon katantanwa, shima an kwaikwaye shi ba adadi. Akwai Shiomi Masanari a togidashi, akwai Hara Yoyusai da ya yi aiki da zanen Sakai Hoitsu.

Wanda kasuwa tafi girmamawa shine Shibata Zeshin, an haife shi 1807 ya rasu 1891. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi koyo wajen Koma Kansai na biyu, sannan ya je ya koyi zanen takarda, shi yasa aikinshi ke numfashi, baya cika wuri da zinare, zai bar fili ya sa ƙwaro ɗaya ko ganye biyu a gefe. Ya iya sa urushi ya koma kamar tsohuwar tagulla ko ƙarfe mai tsatsa ko katako, sai ka ɗaga kaji ba nauyi. A 1890 aka naɗa shi cikin masu fasahar fadar sarki.

Shawarata kullum: ka rufe sa hannun da yatsa a zuciyarka ka kalli aikin. Mai kyau marar suna ta fi mummuna mai babban suna, kuma da yawa daga cikin na sarakuna ma ba a sa musu hannu ba sam.

Nawa ake saidawa?

Tazarar tana da faɗi sosai. Ta talaka da ta ɗan goge ko ta sami rauni ana samu a ƴan ɗaruruwan fam ko dala a ƙananan gwanjo. Mai kyau lafiyayya ta ƙarni na 19 dubbai ne. Na Zeshin kuma wata magana ce daban: lokacin da kamfanin gwanjo na Bonhams a Landan ya saida tarin Edward Wrangham kashi-kashi daga 2010, wata inro ta Zeshin ta haura fam dubu 300 a 2012.

Kar ka manta kuɗin da aka buga guduma a kai ba shine zaka biya ba, gidan gwanjo na ɗora nashi kason da ya kai kwata ko fiye, ga kuɗin aikowa da inshora ga kwastam, ga canjin naira ko sefa. Kuma ban taɓa ba kowa shawara ya saya don riba ba, kasuwar ƴar ƙarama ce, ranar da ka matsu zaka saida ba lallai ka sami mai saye ba.

Me zan duba kafin na biya?

Fara da haɗin hawan, a buɗe maka kowanne a mayar. Sannan ka bi zanen daga hawa zuwa hawa, reshen da ya fara a na biyu dole ya ci gaba a na uku ba karkacewa, launin zinaren ma ɗaya. Ni an taɓa yi min wannan: na sayi wata a intanet daga wani dillali, hotuna huɗu ya turo duk daga gaba da haske mai yawa, da ta iso na juya bayanta sai naga hawa na uku an cike wani guntu da ya fita an shafe da fentin gwal na gwangwani, a ido yana da wani ƙyalli mai laushi kamar na kwalin alawa, ba ƙwayoyi a ciki. Na rubuta masa yace shi bai lura ba. Tun daga ranar bana biya sai an turo min bidiyo ana juya ta a hasken taga, da hoton sama da ƙasa da cikin kowane hawa.

Ka sami madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Maki-e na gaske zaka ga ƙwayoyin zinare ɗai-ɗai, girmansu ya ɗan bambanta, layin yana da kauri da siranta na hannun mutum. Na zamani na masu yawon buɗe ido filastik ne da aka buga wa hoto da inji, ko kuma fentin kashu da aka ƙirƙiro bayan yaƙin duniya na biyu a madadin urushi, zaka ga layin haɗin inji a gefe, ko ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida. Ba laifi bane a sayi waɗannan don ado in an faɗa maka gaskiya kuma kuɗinsu aka karɓa.

Duba kafaɗu da bakin ramin igiya, nan ne tsagewa ke farawa. Ɗan gogewa a wuraren da ta riƙa shafar riga alama ce mai kyau, an rataya ta kenan. Baƙin da ya koma ruwan ƙasa ya dusashe a fuska ɗaya kuma rana ce ta ci shi, baya dawowa.

Akwai matsalar doka?

Babbar ita ce hauren giwa. Netsuke da yawa na haure ne, haka inro salon Shibayama da ake dasa musu haure da sauransu. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun farkon 1990, Najeriya da Nijar duk suna ciki, Ingila kuma dokarta da ta fara aiki a 2022 ta hana kusan duka, sai ƴan kaɗan irin tsohon abu da hauren cikinshi bai kai kashi 10 cikin ɗari ba kuma an yi masa rajista. Amurka ma ta tsananta tun 2016. Ni dai ko kusa bana zuwa, na katako kawai nake nema. Ƙoƙon kunkurun teku da murjani suma suna da nasu takunkumin. In daga Japan zaka saya, abinda gwamnati ta yi wa rajistar muhimmin kayan tarihi baya fita, dillalin kirki zai nemo maka takardar da ke nuna naka baya ciki.

Zata iya zama lafiya a Kano ko Damagaram?

Wannan tambayar tafi kowacce muhimmanci a wajenmu kuma ba zaka ji dillalin Landan ya yi maka ita ba. Urushi baya tsoron ruwan zafi ko gishiri, abu biyu yake tsoro: hasken rana da bushewar iska. Gidajen tarihi suna ajiye shi a danshi wajen kashi 50 zuwa 60 ba hawa da sauka. Mu kuwa da hunturu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20, watan Agusta ya haura 70. Katakon ciki yana tsukewa yana kumbura, shafen sama baya iya binshi, sai ya tsage ko ya ɗago.

Hunturu na farko da na yi dasu, wata safiya a Janairu na ɗauko ɗaya naji murfin ya yi sako-sako, na kai ta haske naga siririn layi kamar gashi ya taso daga ramin igiya ya gangaro kafaɗa. Raina ya ɓaci sosai ranar, abu ya shekara kusan 200 lafiya. Abinda nake yi yanzu: kowacce a naɗe da takarda mai laushi marar asid ko tsohon ƙyallen siliki, a cikin akwatinta na katako, Japanawa da itacen kiri suke yin nasu saboda yana rage saurin canjin danshi, sannan duka a cikin babbar roba mai murfin da ke kamawa, da ƴan fakitin daidaita danshi irin na masu ajiye jita ko sigari, da ƙaramin agogon auna danshi a ciki ina dubawa duk sati. Nesa da taga, nesa da bakin esi, ba a saman firij ba. Da damina kuma a riƙa leƙawa saboda fumfuna. In ta iso daga waje kar ka yage kwalin nan take, barta ta kwana biyu ta saba.

Da me zan goge ta?

Kusan ba komai. Buroshi mai laushi sosai ka kaɗe ƙurar, domin ƙurar hunturu yashi ce, in ka murza da tsumma ka karce ta. Ba man zaitun, ba man goge kujera, ba ruwa, ba turare kusa. Hannu a wanke a bushe ko safar hannu ta roba irin ta asibiti, saboda zufa na barin shatin yatsa na dindindin a kan urushin da rana ta taɓa. In ta tsage kar a kai wa mai gyaran waya ya ɗiga mata gam, a adana guntun a takarda har a sami wanda ya karanci gyaran urushi. Hawan da ya maƙale kuma kar a sa wuƙa, sau da yawa in danshi ya daidaita da kanshi yake saki.

Hotunan masu rai da gumakan da ke jiki fa, ga kuma zinare ga namiji?

Hukuncin na malamai ne, a tambaye su. Abinda zan iya faɗa shine zaɓi yana da yawa. Gaskiya ne wasu suna ɗauke da allolin sa'a bakwai na Japanawa ko siffofin addinin Buda, ni bana sayen waɗannan. Amma akwai masu furanni zalla, gora, ciyawar kaka, dutsen Fuji, igiyar ruwa, gada da jirgin ruwa, rubutu, ko tambarin gida. Kuma mai tarawa ajiyewa yake ba ratayawa ba.

A ina zan gani da idona?

A Landan gidan tarihi na Victoria da Albert da kuma British Museum. A Niyok akwai Metropolitan, wanda ya sami da yawa daga wasiyyar iyalan Havemeyer a 1929, kuma sun sa hotunan a intanet kyauta masu girma, zaka iya zuƙowa har kaga ƙwayar zinare, nan ne ma nake tura duk mai son koyo ya fara horar da idonshi. A Janeba akwai tarin Baur. A Japan akwai babban gidan tarihi na Tokyo, da wani ƙarami a Kyoto mai suna Kiyomizu Sannenzaka da ya maida hankali kan aikin ƙarshen Edo da Meiji. Ba duka ake fitarwa lokaci ɗaya ba saboda haske, ana juya su ne. In kana Landan lokacin gwanjon kayan Japan, kwanakin da ake baje su kafin ranar kowa na iya shiga, kuma in ka roƙa da ladabi zasu buɗe gilashin su ɗora maka a hannu.

Har yanzu ana yin sababbi?

Ana yi amma kaɗan, don masu tarawa. Hannun da suka iya maki-e da yawa sun koma kan alƙalami da kwanuka da akwatin shayi, kamfanin Namiki tun wajen 1930 yake saida alƙaluman maki-e a Turai tare da Dunhill. Gwamnatin Japan tana naɗa wasu gwanaye a matsayin taskar ƙasa mai rai, irin Murose Kazumi da aka naɗa a 2008 saboda maki-e. A garin Wajima, wanda shine cibiyar urushi mafi suna, akwai shagon Kitamura Tatsuo da ake kira Unryuan da suka dawo da yin inro irin na da. Girgizar ƙasar da ta auka wa yankin Noto ranar 1 ga Janairun 2024 ta rushe shaguna da yawa a Wajima, gobara ta cinye unguwar kasuwar safe, wasu masu sana'ar sun rasa buroshi da kayan aikin da suka gada, wasu sun koma aiki a ɗakunan wucin gadi da aka kafa musu. Sabuwar inro daga irin waɗannan hannun bata da araha, wani lokaci ma tafi tsohuwa tsada, kuma in ka bada oda sai ka jira wata da watanni kafin ta fito daga kabad ɗin danshi.